Ɗakina Na Bakin Gona



Bahaushe yana da sunaye da yawa na wurin da mutum ke sa haƙarƙarinsa, kuma bai taɓa rikita su ba. Akwai rumfa, akwai bukka, akwai shago, akwai soro, sannan can a gefe guda akwai gida. Dubi maigadin da ya shekara ashirin yana kwana a ɗan ɗakin bakin ƙofar kamfani, a nan yake girkinsa, a nan yake wankinsa, amma da Salla ta matso sai ka ji ya ce zai je gida. Ashe ke nan shekara ashirin ba ta isa ta mai da ɗaki gida ba. Wani kuma ka ga ya kafa 'yar bukkar kara a bakin gona, wata uku kacal, in ka tambaye shi ina za shi sai ya nuna ta da baki ya ce gida. To wai shin mene ne ke mai da wannan ya zama wancan? Ni dai abin da na gani da idona a ɗan ɗakin ƙasar da na gina tsakanin Birnin Kudu da Gwaram shi zan faɗa maka, sauran kuma ka auna da hankalinka.

Ni mutumin ƙasar Birnin Kudu ne, a nan aka yanke mini cibiya, amma Kano ce ta cinye ƙuruciyata. Na yi aikin akawu a wata masaƙa a Bompai har zuwa lokacin da masaƙun Kano suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya, daga nan na koma riƙe wa wani alhaji littafin ciniki a Kantin Kwari. Ko da aka yanke mana Jihar Jigawa daga Kano a watan Agusta na 1991, abokai da dama suka tattara suka nufi Dutse, ni ban motsa ba. Shekara talatin da 'yan kai ina gidan haya. Sau biyar na yi tashi, kuma duk tashin da zan yi sai motar kaya ta fi ta baya girma. Ga kujerun kushin da ba mai zama a kai sai in an yi baƙo, ga firjin da rashin wuta ya mai da shi akwatin ajiye kwanuka, ga talabijin biyu ɗaya matacciya, ga janareto mai shan mai kamar raƙumi ya samu tafki. A tashi na biyar ina tsaye ina kallon 'yan dako suna nishi, sai na ga ai ni ne babban ɗan dakon. Kayan nan su ke zaune a ɗakuna biyu daga cikin ukun da nake biya wa haya, ni da uwargida muna raɓe a ɗaya.

A shekarar 2017, yara sun kama gabansu, ido ya fara gajiya da ƙananan lambobi, sai na ce zan koma gonar da na gada daga mahaifina, in gina ɗakin ƙasa in zauna. Kai, mai karatu, ka ga yadda magana ta zagaya dangi kuwa? Wasu suka ce karayar arziki ce, wasu suka ce a nema mini addu'a. Domin kuwa a wurinmu wanda ya dawo daga birni bulo da kwano ake jira ya dawo da su, in da hali har da fenti mai ruwan ƙwai da ƙofar ƙarfe mai ƙara. Wani abokin wasana ma cewa ya yi, "Haba wane, a ƙasar Birnin Kudu, garin da Alhaji Aliko Ɗangote ya yi karatun sakandare, ka ce ba za ka sa siminti ba? Ko don kara ai ka sayi buhu goma." Muka yi dariya, na ce ya bari in na gama sai ya zo ya kwana ɗaya a watan bazara mu sake magana.

Wanda bai san kudancin Jigawa ba yakan zaci duk jihar rairayi ce kamar can arewa. A'a. Mu nan duwatsu gare mu da jar ƙasa, ruwan sama ya fi na arewa yawa, ga ɗorawa ga tsamiya ga kuka. Kusan duk abin da ɗaki ke bukata yana nan kwance a ƙarƙashin ƙafarka ko yana tsaye a kanka. Abin da ya yi wuya shi ne wanda ya iya. Sai da na yi cigiya har ƙasar Gwaram kafin aka haɗa ni da wani tsohon magini da ya gaji sana'ar, wanda samari suka daina nema tun da injin buga bulo ya shigo ƙauye. Da na gaya masa abin da ke tafe da ni sai ya dube ni tun daga hula har takalmi.

"Malam, ɗakin ƙasa kake so ko ɗakin talauci?"

Na ce, "Baba, da ma akwai bambanci ne?"

Ya ce, "Ƙwarai kuwa. Ɗakin talauci shi ne wanda ake yi da gaggawa, a kwashi kowace irin ƙasa, bango siriri kamar faifai, ba harsashi, don mai shi ba shi da lokacin jira kuma ba shi da abin ciyar da masu aiki. Shi ne yake faɗuwa da damina har a ce ginin ƙasa ba shi da kyau. In ɗakin ƙasa kake so, to sai ka ba ni rani guda, kuma kada ka tambaye ni yaushe za a gama."

Na ba shi ranin. Bayan an gama girbi muka fara. Da kansa ya zaga gonar yana haƙa da dagi, yana murza ƙasa a tafin hannu yana shinshinawa, har ya samu inda birji yake. Aka haƙo, jakuna suka yi ta jigila da mangala, aka zuba ruwa aka jiƙa, aka watsa ciyawar da aka daddatsa, samari suka shiga suna cuɗawa da ƙafa. A bar ta ta kwana, gobe a sake jiƙawa a sake takawa, haka har kwanaki, sai ta yi danƙo ta fara wani irin tsami da magina ke ji da hanci su san ta nuna. Daga nan aka shiga cura tubali, wannan mai kama da ƙwai, gindi faffaɗa kai siriri, aka jera a rana kusan mako biyu. Harsashi kuwa da dutse ya yi shi, tun da dutse a wurinmu ba saye ake yi ba, ya ɗaga shi ya wuce idon sawu sosai don kada ruwan da ke gudu a ƙasa ya lashi gindin bango. Bangon daga ƙasa kauri gare shi, tubali uku a jere, yana hawa yana sirancewa. Baba yana zaune bisa bango kamar mai hawan doki, yaro na jefa masa tubali daga ƙasa yana cafewa, ya dasa shi tsaye, ya cika tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. In ya yi 'yan layuka sai ya sauko ya ce a bari ya sha iska sai gobe. Ni da na saba da lissafin kwana da kuɗi abin yakan ci mini rai, amma na yi alkawarin ba zan tambaya ba.

Inda muka sha wuya shi ne azara. Ka san azara daga giginya ake fasa ta, kuma namijin giginya da ya tsufa shi ne mai ƙarfi, wanda gara ba ta iya masa. To giginyar an sare, ba a dasa wata ba. Sai da muka yi mako uku muna nema kafin muka samu wani da ya rushe tsohon soron kakansa zai yi bulo, muka saye azarar da ya jibge a bayan gida zai yi makamashi da ita. Baba ya ƙwanƙwasa ɗaya da bayan wuƙa ta yi ƙara kamar ƙarfe, ya ce wannan ta girme mu duka, kuma sai ta ga bayanmu. Azara ba ta son a ba ta faɗin da ya wuce kamar ƙafa shida ba tare da tallafi ba, shi ya sa ɗakunan da suke ƙanana, in kuma ana son faɗi sai a tokare ta daga kusurwa, ko a kafa ginshiƙi, ko a yi bakan gizo irin wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830. Ni ban kai nan ba. Ɗaki ɗaya da 'yar rumfa a gaba, aka jera azara, aka shimfiɗa zana, aka zuba ƙasa aka daddale, aka sa indararo biyu. Aka jiƙa ɓawon ɗorawa aka samu makuba aka yi yaɓe, bango ya fito ja-ja mai duhu, ruwa in ya taɓa shi sai ya zame. Mata suka zo suka yi daɓe, da tsakuwa da ruwan makuba, suna bugu da madaɓi suna waƙa, tun hantsi har la'asar, ƙasa ta yi sumul kamar an shafa mai. Ladansu fura da goro da ɗan abin sayen sabulu.

Na tare ni kaɗai, domin uwargida ta ce ita tana Kano wurin 'yarmu sai ta ga abin da hali ya yi. Kwana arba'in na yi. Ɗaki dai ba laifi. Da rana tsaka, lokacin da mai ɗakin kwano ke juyi kamar masa a tanda, ni sai in shiga in ji kamar na sa kai a randa, domin bango mai kauri a hankali yake shan zafi, kafin zafin ya ratsa ciki rana ta faɗi. Da hunturu kuma ɗumin da ya sha da rana shi yake sakar maka da dare. (Amma kada in yi maka ƙarya, a tsakiyar bazara wannan ɗumin na dare ba abin so ba ne, tabarma muke fitarwa waje kamar kowa.) Duk da haka in magariba ta yi, na kunna fitila na zauna, sai in ji ni kamar maigadin gona. Ba mai sallama, ba hayaƙi, ba abin da ke motsi sai ƙadangaru. Ɗaki na samu.

Ranar da uwargida ta zo, ta shiga ta fito, ta zagaya baya, ta dawo ta tsaya riƙe da ƙugu.

"Malam, ɗaki ya yi kyau. To ina gidan?"

Na ce ga shi kuwa tana gani. Ta ce ita ba ta ga danga ba, ba ta ga madafi ba, makewayin da na yi kuma na gwauraye ne. Sannan ta ce, "Gidan da ba zaure, baƙo ta ina zai yi sallama? Ta kan gadona?" Ta ce in an yi waɗannan a aika mata, ta hau mota ta koma.

A nan ne na fara gane lissafin da ba ya cikin littafin akawu. Madafi bukka ce, bukka kuma sai da jinka. Aka ɗaure tsaiko a ƙasa, aka yi yanta da shuci aka baibaye, to sai ɗagawa a ɗora bisa bango, kuma ka san abin da Hausawa suka ce game da hannu ɗaya da jinka. Dole na bi maƙwabta gida-gida, mutanen da na kwana arba'in ina ɗaga musu hannu daga nesa, na ce ina neman gayya. Mutum goma sha ɗaya suka zo. Danga ma haka, zaure ma haka. Kafin a gama na san sunan kowa da sunan ubansa, na san wanda ke rigimar iyakar gona da wani, na san wanda ba a haɗa shi aiki da surukinsa.

Da ta dawo, da kayan da ba su cika bayan a-kori-kura ba ta dawo, sauran duk ta rabar, ta ce wanda ya kwana biyu bai tambayi abu ba ba ya bukatarsa. Amma dubi abin da ta yi da ɗan abin da ta kawo. Ta sa aka samo randa daga kasuwar Sara, ta girke ta a gindin tsamiya bisa jiƙaƙƙen yashi, ta rufe da faifai ta ɗora moɗa. Ta rataya ragaya ta sa ƙwaryar fura. Ta shafe cikin ɗaki da farar ƙasa, ta jera tasoshinta guda shida na aure a kan ɗan dakalin da Baba ya yi mata, waɗanda na manta ma tana da su don sun shekara ashirin a cikin kwali. Alkukin da aka bari a bango don fitila ta sa kaskon turaren wuta a ciki. Ta dasa lalle da zogale a jikin danga, ta sayo kaza da 'yan tsakinta. Da yamma ta hura wuta, ƙamshin daddawa ya tashi ya tsallake danga.

Kwana uku da yin haka ina zaune a zaure sai ga wata 'yar yarinya, ta yi sallama a gurguje ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba, ta shige ciki, na ji tana cewa, "Inna ta ce a sam mata kanwa." Ban san yarinyar ba, ban san innarta ba. Amma wallahi a ranar na ji zama ya kama ni. Daga nan sai mai tallan nono ta mai da gindin tsamiyarmu wurin sauke ƙwarya, masu dawowa daga gona suka san akwai ruwan sanyi a randa, tsofaffi biyu suka mai da dakalin zaure majalisa, ko ina nan ko ba na nan.

Akwai abin da nakan tuna in na ga tasoshin nan shida a jikin farin bango. A Birnin Kudu muna da duwatsu masu zane, Dutsen Mesa da Dutsen Habude, inda mutanen da can can suka zana shanu a jikin dutse, wasu masu dogon ƙaho wasu masu gajere, shanu marasa tozo, ba irin waɗanda Fulani ke kiwo yanzu ba. A wurin ne kuma wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya ga duwatsun nan da ake bugawa su yi ƙara kamar kuge, a shekarar 1955, ya rubuta labarinsu duniya ta ji. Muna yara mukan je mu buga mu gudu. Yanzu da na tsufa in na je sai in tsaya ina kallon shanun. Mutum ya samu inuwar dutse ya fake, ba ruwa ba rana, ai bukata ta biya. Amma bai tsaya nan ba, sai da ya ɗauki abin da ya fi so a duniya ya sa a jikin bango. Tsakaninsa da uwargidana ban ga wani nisa ba.

Kada mai karatu ya zaci cewa nake yi a koma zamanin aci-bal-bal. Ina da ɗan faifan sola a kan rumfa mai ba ni ƙwai biyu da cajin waya, ina da rediyo, muna kwana a gidan sauro, kuma da na tashi zaɓen wurin zama sai da na auna nisana da asibitin tarayya na Birnin Kudu, domin tsufa ba ya shawara. Abin da na rage shi ne abin da nake yi wa hidima ba ya yi mini.

Wani ɗan'uwa malamin makaranta da ya kawo mini ziyara ya ba ni labarin wani Ba'amurke, Henry Thoreau, wanda a shekarar 1845 ya gina ɗan ɗakin katako a bakin wani tafki da ake kira Walden, ƙafa goma faɗi ƙafa goma sha biyar tsawo, a kan kuɗin da bai kai dala talatin ba. Ya zauna shekara biyu da wata biyu, ya fito ya rubuta littafi a 1854 wanda har yau Turawa ke karantawa in duniya ta ishe su. Malamin ya ce ai ni ne Thoreau na ƙasar Gwaram. Na ce a'a, ya sauke mini wannan rawani. Shi wancan ya tafi ne don ya ɗan ja jiki daga mutane ya ji da kansa, kuma ko shi ɗin filin abokinsa ne ya gina a kai, yana kuma leƙa gari a kai a kai. Ni kuwa abin da na tarar shi ne, duk abin da ka rage na kuɗi da mutane za ka biya shi. A Kano nakan biya haya in rufe ƙofa, akwai maƙwabcin da muka shekara huɗu ban san sunansa ba sai ranar da aka zo ɗaukar gawarsa. A nan ba mai bi na haya, amma mutum goma sha ɗayan nan da suka ɗaga mini jinka suna bi na bashin da ba ya ƙarewa. Sunansu nawa ne, jana'izarsu tawa ce, in sun kira gayya ko ba na iya riƙe fartanya sai na je na zauna a gindin itace na raba goro. Ni ne mai karanta takardar asibiti, ni ne mai rubuta lissafin adashin mata, ni ake tasa da tsakar dare a ce a ara waya. Wata rana abin yakan gundure ni, ba zan ɓoye ba. Wanda yake son a bar shi ya huta, to ya nemi bene a birni ya sa maigadi, ƙauye ba wurinsa ba ne.

Shi kansa ɗakin mai bin bashi ne. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an hau soro an duba, an toshe tsaga, an share indararo, an sake yaɓe inda ya zaizaye. Gara kuma ba ta barci, in ka ga ɗan layin ƙasa ya hau bango da safe to ka kankare shi kafin ka karya kumallo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, gaskiya ne, amma a ɗakin ƙasa in ka bari har ya yi yoyon ka makara.

Damina ta 2022 ita ce ta gwada mu. Wanda yake Jigawa a shekarar ba sai an ba shi labari ba. Ruwa ya yi ta zuba a watan Agusta kamar an ɓalle bakin sama, ƙasa ta ƙoshi ta fara amai. Ɗakina ya tsaya, albarkacin harsashin dutsen nan da kaurin bango, sai yaɓen gabas da ya zube. Amma cikin wani dare muka ji rugugi, bangon maƙwabcina ya kwanta. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, iyalinsa da yara shida suka yi mako uku a zaurena. Nasa irin wanda Baba ya kira ɗakin talauci ne, shi ya gina abinsa cikin kwana goma tsakanin girbi da tafiya cirani. Muna zaune da shi bayan ruwa ya ɗauke, yana kallon tarin ƙasar da ta zama ɗakinsa jiya, ya ce, "Malam, ni in Allah ya hore mini, ko ɗaki ɗaya ne bulo zan yi, in kwanta in yi barci in ana ruwa." Ban ce masa uffan a kan sanyin ɗakin ƙasa ba. Da wane baki? Ni na zaɓa ne, ina da rani guda da zan ba magini, ina da abin ciyar da masu cuɗa ƙasa, ina da 'ya'yan da ke turo mini ɗan abu ta waya a ƙarshen wata. Shi ba a tambaye shi ba. Masu zuwa daga birni su ɗauki hoton bukka su ce kai, mutanen ƙauye sun huta, ina so su zo su kwana ɗaya a cikinta a watan Agusta da yara shida.

Labarin ruwan nan ne ya taso babban ɗana daga Kano. Ya gaishe ni ya zauna a ƙasa, ya yi ta kewaye-kewaye, can ya ce, "Baba, mun yi shawara da ƙannena. A rushe wannan a yi muku na bulo, mu za mu biya. Ba ma iya barci in an ce ana ruwa a gida. Kuma mutane suna magana, ana cewa mun bar ku a ɗakin ƙasa." Na san maganar ta biyu ta fi ta farko yi masa ciwo, kuma ban ga laifinsa ba, domin shi ake nunawa da baki ba ni ba. Kafin in buɗe baki sai uwarsa ta amsa daga bayan danga, ta ce duk wanda zai taɓa daɓen nan sai ya fara taka ta. Ita fa da ta ce ba ta ga gida ba.

Muka kwana biyu muna ja. Na ba shi labarin masallacin Yama da ke Jihar Tawa a Nijar, wanda wani magini Bahaushe, Falke Barmu, ya fara ginawa da ƙasa a 1962, har ya ci babbar kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. Ya ce shi ba kyauta yake nema mini ba, rufin da ba zai faɗo mini a ka ba yake nema. Shi ne kuma da kansa, yana ta latsa waya da dare, ya nuno mini hoton wata makarantar firamare a ƙauyen Gando na Burkina Faso, wadda Francis Kéré ya gina a 2001, mutumin da a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker, wadda ake ce wa ta fi kowace girma a wurin masu zanen gini. Bangon ƙasa ne, amma an ɗaga rufin kwano sama da shi an bar tsakani iska na wucewa, bakin kwanon kuma ya zarce bango sosai. Muka kai wa Baba magini hoton. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan ai malafa ya sa wa ɗaki." Da ɗana ya kawo maganar a shafe bangon da siminti kuwa sai ya girgiza kai, ya ce siminti da ƙasa ba sa ga maciji, yau ka shafa, baɗi ya kumbura ya ɓaɓɓako da rabin bangon, domin ya hana shi numfashi.

Malafar aka yi. Aka kafa ginshiƙai a waje, aka ɗora kwano sama da soron da kamar kamu ɗaya, ruwa ya daina dukan bango, rana ta daina dukan soro. Abin da ya ragu daga kuɗin da suka tara, yaron ya ce a sa a ginin maƙwabci, aka yi masa harsashin dutse da layin bulo huɗu, aka ƙarasa sama da tubali. Da ya jira ya tara na bulo zalla da har yanzu yana jira, don a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma.

Baba magini yanzu ƙafa ta ƙi, ba ya hawa bango. Yaɓen bana a kan dakalin zaure ya zauna da sanda yana nuna wa samari biyu, ɗaya jikansa ɗaya ɗan maƙwabcin nan nawa, yana yi musu faɗa in sun tsinka makuba da yawa. Ya ce hannun ɗan maƙwabcin ya fi na jikan nasa faɗawa, abin da bai yi wa jikan daɗi ba ko kaɗan. Ni kuma tun shekarar da muka sha wuyar neman azara na binne ƙwallon giginya goma sha biyu a iyakar gona ta yamma. Yaran unguwa suka gano wurin, suka tone bakwai suka dafa muruci, har suka kawo wa uwargida nata kason ta ci ba ta san daga inda ya fito ba. Biyar da suka tsira na kewaye su da ƙaya, bana ganyensu ya kai mini ƙugu.